Kafin Ka Ɗaga Sifika Sama, Durƙusa Ka Kalli Falonka da Idon Yaro

 

A makon jiya mun tattauna a kan ajiyar magunguna da fiya-fiya a gidan da ke da ƙananan yara. Cikin waɗanda suka ajiye ra'ayinsu a ƙasan rubutun akwai wani bawan Allah da ya ce daga Hayin Dogo yake. Ya ce: "Sista, ke kullum yara kike karewa. Mu wa zai kare mana kayanmu? Cikin wata guda yarona ya lotsa min sifika biyu, na daka shi har na gaji." Mutum fiye da goma suka biyo bayansa, kowa da irin nasa labarin. Wata baiwar Allah ta ce a ramin sifikarsu aka gano ɗan kunnenta da ta yi wata uku tana nema.

Na yi dariya sosai, don a gidana aka fara wannan karatun. Malam, yau filin naka ne. Zan gaya maka yadda za ka kare sifikarka, amma ka yi haƙuri sai na fara ba ka labarin yadda mu muka kusa rasa ido garin neman gira.

Abin da ya faru a falona

Shekara biyu da suka wuce, ana saura kwanaki a fara azumi, Abban yara ya je Sabon Gari ya dawo da hom tiyata a cikin keke napep. Dogayen sifikoki biyu masu kai wa mutum ƙugu, ƙanana biyu, akwatin bes mai nauyi, da amfilifaya. Ya ce saboda tafsiri ya saya. Ban musa masa ba, duk da na san ranar ƙwallo ce falon zai fi cika.

Auta a lokacin yana da wata goma sha huɗu. Ba a rufe mako ba ya cire kyallen gaban sifika ɗaya, ya sa yatsa ya lotsa ɗan ƙullutun nan na tsakiya mai kama da cibiya. Da muka girgiza akwatin bes muka ji ƙaras-ƙaras, aka zazzago guntun ƙuli-ƙuli, murfin biro da ƙwallon dabino biyu. Abban yara ya yi faɗa, ya buge masa hannu. Washegari da safe yaro ya koma wurin kamar an aike shi.

Sai maigida ya yi dabarar da yawancinku kuke yi. Ya ɗauki dogayen sifikokin ya ɗora kowace a kan ɗan teburin gefen kujera, ya ce yanzu hannunsa ba zai kai ba. Gaskiya ne, hannunsa bai kai ba. Wayar da ke reto a baya ita ce ta kai hannunsa.

Wata rana na dawo daga aikin dare, na kishingiɗa a doguwar kujera bayan azahar, barci ya fara ɗaukata. Ƙarar faɗuwar abu ce ta tashe ni, sai ihun yaro. Ya ja wayar, sifikar ta biyo ta. Gefenta ya goge shi a kafaɗa, kusurwar ƙasa ta sauka a kan babban yatsan ƙafarsa. Yatsan ya kumbura, farcen ya yi baƙi, daga baya ya fita. Da ya matso taku ɗaya, a tsakiyar kansa za ta sauka.

Abin da ya fi damuna a ranar shi ne, ni ce mai tsayawa gaban iyaye mata a asibiti ina yi musu bayanin haɗurran gida. Kwana goma ina wucewa ta gaban wannan teburi, ina goge masa ƙura, ban taɓa ganin komai ba. Ina kallonsa ne daga tsayina. Ranar da na durƙusa a kan kafet na ɗaga kai, a nan na ga abin da yaron ke gani: igiya mai reto, da wani dogon abu a samanta.

Me ya sa duka ba ya hana shi?

Yaro daga wajen wata tara zuwa shekara guda yake koyon nuni da tsokana da ɗan yatsan manuni, a lokacin ne kuma yake koyon kama abu ya miƙe tsaye. Duk rami sai ya zura yatsa, duk abin da ke tsaye sai ya dafa. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku kuma hawa ake koyo. Wannan alamar lafiya ce, mu a asibiti ma tambaya muke yi ko yaro ya fara. Yaro ɗan wata goma sha huɗu bai da hankalin da zai riƙe "kar ka taɓa" daga yau zuwa gobe. Yana jin zafin dukan, yana jin tsoronka, amma da ka fita sifikar ta ci gaba da kiransa: tana magana, tana rawa in an sa bes, tana da 'yar fitila mai ƙyalli.

Saboda haka aikin na kafinta ne da mai walda. Abin da bulala ta kasa, katako da raga za su yi shi ba tare da an yi kuka ba.

Ka san me kake karewa

A jikin sifika wurare uku yara ke lalatawa. Na farko ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririyar murya. Fatarta ba ta fi ɓawon albasa ƙwari ba, taɓawa ɗaya ta lotse. Na biyu babban faifan ƙasa mai fitar da bes, wanda yawanci da takarda mai kauri ake yinsa, biro ko cokali na huda shi, ruwa ko kunu na jiƙa shi ya lalace. Na uku ramin iska, wanda aka yi don iska ta riƙa shiga da fita in faifan na motsi. Shi ne asusun yara.

Sai amfilifaya. Yaro ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe alhali babu wuta, a kawo wuta da dare, gida ya ɗauka, ƙaramar sifikar ta ƙone. Da yawa cikin sifikokin da ake kai wa masu gyara ta wannan hanyar suka mutu.

A ɗaya ɓangaren kuma ga abin da sifikar ke iya yi wa yaro. Ɗan shekara biyu nauyinsa kimanin kilo 12 ne. Doguwar sifika ta katako tana iya kai wannan nauyin ko ta wuce, ga tsayi, ga siririn gindi, ga kusurwa mai kaifi. Abu mai tsayi da ƙaramin gindi ba ya buƙatar ƙarfi kafin ya kife, musamman in an ja shi daga sama. In ka ƙara masa tsayin teburi, ka ƙara masa sauƙin faɗuwa, ka kuma ƙara nisan da zai yi kafin ya sauka a kan yaro.

Kada a ɗauka wannan tsoron malaman asibiti ne kawai. A watan Yunin 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyin ajiye tufafi kimanin miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun kife sun kashe ƙananan yara. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar tun 2015 take gangamin a riƙa ɗaure talabijin da kayan ɗaki da bango. A ƙarshen 2022 suka yi doka, ta fara aiki a watan Satumban 2023, wadda ta tilasta a gwada irin waɗannan durowoyi da nauyin da ya kai na yaro mai kilo 27 kafin a sayar. Mu a nan babu mai gwada mana. Kafintanka zai yi abin da ka ce masa ne, don haka ya kamata ka san abin da za ka ce.

Akwatinmu na farko, da yadda ya ba mu kunya

Bayan abin da ya faru, Abban yara ya kira wani kafinta a nan Samaru ya ce a yi masa kabad da za a kulle komai a ciki. Aka yi kabad mai kyau, murfi na katako, baya a rufe, aka shafa fenti yana sheƙi. Da aka kunna, muryar malami ta fito kamar daga cikin rijiya. In an sa bes, murfin ya riƙa kaɗawa yana zzzz. Bayan awa guda ka taɓa amfilifaya kamar dutsen guga, sai ta kashe kanta. Dole aka riƙa buɗe murfin in za a yi kallo, wato daidai lokacin da yaro ke falon. Kuɗi sun tafi, matsala na nan.

Laifinmu ne, mu muka ce a rufe. Sifika tana son gabanta a buɗe don sauti ya fita, amfilifaya tana son iska don zafi ya fita. Abin da ake nema shi ne shingen da iska da sauti za su wuce, yatsa ba zai wuce ba. Sunansa raga.

Karo na biyu ni na zauna da takarda da biro, na auna komai da tef ɗin ɗinki, muka tafi tare. Kafintan ya kalli zanen ya ce, "Hajiya, wannan ai kejin kaji kika zana." Na ce, "Malam, ka yi min kejin, kajin nawa ne." Shi ya yi aikin katako, wani mai walda a Sabon Gari ya yi na ƙarfe. Ga abin da muka yi, kuma shekara biyu ke nan ba a sake lotsa komai ba.

Kabad ɗin ƙasa

A yi shi gajere, dogo, mai faɗi. Namu tsayinsa inci 20, tsawonsa ƙafa 6, zurfinsa inci 18, yana zaune a ƙasa daram ba a kan siraran ƙafafu ba. Abu gajere mai faɗi ko yaro ya hau ba ya kifewa. Duk da haka an kama bayansa da bango a wuri biyu.

Katako: a nemi filawud mai kauri, inci uku bisa huɗu. Akwai wanda suke kira MDF, garin katako ne da aka matse, yana da santsi da kyan gani, amma ruwa na taɓa shi ya kumbura, sukuru kuma ba ya riƙe shi da kyau in an sake ɗaurawa. Gidan da ake goge ƙasa kullum, yara na zubar da ruwa da fitsari, bai dace da shi ba. In kana da hali, ƙasan a yi shi da katakon gaske irin maɗaci, a shafa masa maganin gara, a bar shi ya sha iska a waje har warin ya fita kafin a shigo da shi.

A raba shi gida uku. Na tsakiya na amfilifaya da dikoda. A bar sarari aƙalla inci 4 a samanta, a bar kaɗan a gefe da gefe, bayan kuma a yi shi da raga ko a huda manyan ramuka a sama da ƙasa, don iska mai zafi sama take tashi. Gida ɗaya na akwatin bes, gabansa raga, kuma in ramin iskarsa a baya yake kada a manna shi da bango. A shimfiɗa masa roba a ƙasa, ko guntun tsohon tub na mota ya isa, shi ke hana kabad ɗin kaɗawa. Gida na uku na rimot, batir, filas da caja, da makulli.

Murafun gaba: firam na katako ko na ƙarfe, tsakiya raga. Masu walda suna da farantin ƙarfe mai ƙananan huji, shi ya fi. Ka gwada da kanka kafin a yanka: in bakin biro ya shige har ya wuce sosai, hujin ya yi girma. Ragar sauro ta taga ita kaɗai ba ta isa ba, yaro na jingina ta lotsa ko ta yage, sai dai a sa ta a bayan ta ƙarfen don ta rage ƙurar hunturu. Rimot yana aiki ta cikin raga, ba sai an buɗe ba. A bar tazarar inci 2 tsakanin raga da fuskar sifika, don ko an danna kada ta taɓa.

Ban da gilas. Na san dibaida mai gilas da 'yan fitilu tana ƙawata ɗakin amarya, amma gilashin da yawancin kafintocinmu ke sawa irin na taga ne, in ya fashe tsinin wuƙa yake yi. Na ɗinke hannun yara da yawa a kan wannan.

Ban da jerin durowoyi ɗaya bisa ɗaya, domin yaro yana jawo su ya mai da su tsani. Ban da mariƙi mai fitowa waje da zai taka. A sa makulli ɗaya ko sakata ta ciki, mabuɗin a rataye shi sama. Kowace kusurwa a zagaye ta, a goge da samfefa har sai ka shafa da bayan hannunka ba ka ji kaifi ba. Ƙusa kada ta leƙo ta ko'ina, kuma a haɗa da sukuru da gam, ya fi ƙusa riƙo.

Tunda kabad ɗin gajere ne, yaro zai hau, wannan ka sa a ranka. Don haka kada a ajiye komai mai jan hankali a kai, talabijin kuma a kafe ta a bango da maƙalinta.

Dogayen sifikoki

Waɗannan su ne masu haɗarin. Wurinsu ƙasa, ba kan teburi ba. Mun yi wa kowace abin da kafintan ya sa wa suna takalmi: faranti na katako mai kauri, wanda ya fi gindin sifikar faɗi da inci 4 ta kowane gefe, da ɗan bango kewaye da ya rungume ƙasanta ta zauna ciki cif. Faɗin gindi shi ke hana kifewa. Sai mai walda ya yi firam na ƙarfe mai raga da ya rufe fuskar tun daga ƙasa har sama, aka ɗaure shi a jikin takalmin, ba a jikin sifikar ba, don kada a huda akwatinta iska ta riƙa zurarewa.

Daga baya kuma, kusa da sama, an zagaya ta da ɗamara mai ƙarfi irin ta jakar goyo, aka kama ɗamarar da bango. Ko da babban yaro ya rataya, iyakarta ta ɗan motsa. Wannan ɗamarar ita ce mafi araha a duk aikin, ita ce kuma mafi amfani. In ba ka da kuɗin komai a wannan watan, yi ita kaɗai yau.

Maigida ya so ya yi gardama cewa in sifika na ƙasa sauti ba zai yi daɗi ba. Masana sauti suna cewa ƙaramar sifikar sama ta yi daidai da kunnen mai sauraro in yana zaune. To mu a ina muke zama? Rabin gidan a kan kafet. Doguwar sifika tana ƙasa ta riga ta kai kunnen na kan kujera. Ɗora ta a teburi sama da kan kowa take harba sautin.

Ƙananan sifikoki

Mafi sauƙi a kafe su a bango da maƙalin ƙarfe, sama da ƙafa 6, a ɗan sunkuyar da fuskarsu ƙasa. A ɗaure sifikar da maƙalin da sukuru, kada a ɗora kawai, domin bes yana sa abu ya riƙa matsawa a hankali har ya zame.

In dole sai mai tsayawa a ƙasa, ka guji siririn nan mai ƙafa ɗaya da ɗan faranti da ake sayarwa tare da wasu hom tiyata. Ka sa mai walda ya yi maka da faif mai faɗi, farantin ƙasa mai kauri da nauyi, a cika cikin faif ɗin da busasshen yashi a toshe. Yashin yana saukar da nauyi ƙasa, yana kuma kashe ƙarar ƙarfe. A tabbata ya bushe sarai, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi ta ciki. A goge duk inda aka yi walda, a zagaye kusurwoyin farantin saboda yatsun ƙafa.

Waya da bango

Duk wannan aikin banza ne in waya na reto. Masu wayarin suna da farar robar nan mai murfi da ake mannawa a bango a zura waya ciki, suna kiranta tirankin. A bi da kowace waya ta ciki. Ekstenshan a kafe shi a cikin kabad, kada a bar shi a ƙasa inda ruwa da yatsa za su same shi. Wutarmu bolt 230 ce, tana kisa. Waya mai haɗi da aka naɗe da leda ko salatif a canza ta gaba ɗaya.

Wajen kamawa da bango, ƙusa a cikin filasta ba ta riƙe komai. A huda da inji, a sa fisha da dogon sukuru. Bulonmu yawanci mai rami ne, wani kuma yashi ya fi siminti yawa, don haka bayan an ɗaure ka kama ka ja da ƙarfinka. In ya motsa a hannunka, a sake wuri.

Na san Samaru garin haya ne. Ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai masu iyali, 'yan kasuwa, da yawanmu a gidan wani muke, daga Danraka har Hayin Dogo da Palladan, kuma wasu masu gidan ba sa son a huda bango. Ka same shi ka yi masa bayani, ka yi alkawarin toshewa da shafe fenti ranar tashi. Huji huɗu ne. In ya ƙi, a haɗe takalman dogayen sifikokin da jikin kabad ɗin da ƙarfe, su zama abu ɗaya mai tsawo da nauyi wanda yaro ba zai iya kayarwa ba. Ƙananan kuma a sauke su cikin kabad bayan raga.

Gwajin ƙarshe kafin ka biya cikon kuɗi: durƙusa, kama saman kowane abu ka jawo shi wajenka, ka tura shi gefe, ka ja kowace waya da ka gani. Ka ba babban yaronka biro ka ce ya gwada taɓa fuskar sifikar. In ya iya, aikin bai ƙare ba.

Abu biyu da kabad mai makulli ke ƙara karewa

Na ɗaya batirin rimot. Siraran rimot na wasu sifikoki da na MP suna amfani da batir mai kama da kwabo. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa biyu kacal, kuma da farko yaron ba lallai ya nuna wata alama ba. In kin yi zargi, asibiti kai tsaye, a faɗa musu batir ne don a yi hoto da gaggawa. Kada a sa shi amai. In ya haura shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 ba, ana ba shi zuma cokalin shayi biyu duk bayan minti 10, har sau shida, a kan hanya. Zumar tana rage ƙuna ne kawai, ba ta fitar da batirin, kuma kada a tsaya nemanta in babu. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Na biyu kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ma'aunin da ta ba yara ya fi na manya ƙasa: desibel 75 a kan 80, na tsawon awa 40 a mako. Ba ka da na'urar awo, amma ga gwaji: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Yaron da ke rarrafe kansa daidai bakin akwatin bes yake. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Haka a gidan biki da walima, uwargida kada ki zauna da goyo a gaban manyan sifikokin nan masu ƙafa uku, kuma kada a bar yara suna guje-guje a tsakanin ƙafafun da wayoyinsu.

In tsautsayi ya riga ya faɗa

In abu mai nauyi ya faɗo wa yaro a kai, ko ya tashi ya ci gaba da wasa a sa masa ido sosai na kwana biyu. A garzaya asibiti in ya suma ko da na ɗan lokaci ne, in yana amai a kai a kai, in barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, in ya yi jijjiga, in jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, in maɗigar jariri ta kumbura, ko in tafiyarsa da kallonsa sun canza. Jariri ɗan ƙasa da shekara kuwa a kai shi a duba ko babu ɗaya daga cikin waɗannan. In a ƙirji ko ciki abin ya sauka, shi ma a kai shi, don ciwon ciki ba ya nunawa a fata. In ana zargin wuya ko baya, kada a ɗaga shi a girgiza.

In wuta ce ta kama shi, a kashe daga soket ko babban makunni kafin a taɓa shi, in ba hali a ture wayar da busasshen katako. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Sannan asibiti, ko ƙunar ta yi ƙarama a ido.

Malam na Hayin Dogo, duk abin da muka kashe a aiki na biyu bai kai kuɗin sabuwar doguwar sifika ɗaya ba. Cibiyar da Auta ya lotsa tana nan a lotse bayan raga, Abban yara ya ƙi a gyara, ya ce a bar ta a nuna masa in ya girma. Farcen ya fito sabo. Yanzu ƙanwarsa ce ke rarrafe, kullum sai ta je ta dafa ragar ta miƙe, ta buga ta da tafin hannu, ta gaji ta koma. Ba wanda ke ce mata komai.

Yau da dare in yara sun yi barci, ka durƙusa a tsakiyar falo ka duba. Abin da ka gani, ka rubuto mana a ƙasa. Kafintoci da masu walda da ke karanta mu, in kuna da dabarar da ta fi tamu, ko kun ga inda na yi kuskure a awo, ku gyara min, zan kawo a fito na gaba. Masu zaman haya kuma ina so in ji yadda kuka ƙare da masu gidajenku.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba tukunyar gas da risho a gidan da kicin da tsakar gida suke haɗe. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mana su. Na bar ku lafiya.